Shekarar da Aka Kawo wa Toto Balarabe

Na so in bar wannan babi sai can ƙarshe, amma ku kuka jawo shi gaba. Labari ya iske ni cewa kun taru a shagon ɗan'uwanku Nasiru a Sabon Gari, kun sha shayinku, kun yanke cewa ranar da na kwanta dama sayar da gonar Jiratawa za a yi, tunda wai gonar Inna ce, wato tawa. Har mai saye kun samo, ina nan da raina ina tauna goro. Ni da ake jira in mutu ba a tambaye ni ba, wannan na yafe, tsohuwa ta saba. Amma Hadiza, ɗiyar wana Idi, wadda take noman gonar nan tun kuna zuwa lekol, makarantar boko, da majina a hanci, ita ma ba ku kira ta ba. Da na tsare Nasiru da magana sai ya ce mini wai za a sanar da ita, kuma za a riƙa shawara da ita. Sai da na ajiye carbina da na ji haka, domin na taɓa jin wannan magana, daga bakin kawunku Sani na ji ta, na kuma ji ta daga rediyo, duk a shekara guda. Kun girma kuna jin ana cewa uwarku ta yi wauta, ta ba da parsel, filin gini, a bakin gudro, wato titin kwalta, ta karɓi fako a bayan gari. To ku zauna ku karanta yadda aka yi.

Idi shi ne babbanmu, sai Alhaji Sule, sai ni, sai Sani auta. Idi direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Yana saurayi ya bi hanyar gabas ta Chadi da niyyar ya yi ta aiki a hanya har ya kai Makka, kamar yadda mutanen da suke yi. Bai kai ba. Ya tsaya a Kadugli, cikin duwatsun Nuba na ƙasar Sudan, inda ya tarar da unguwar Hausawa da suka maƙale a hanyar hajji tun zamanin kakanninsu. A can ya auri Toto. Sunanta na yanka Nafisa, amma a wurinsu ɗiya ta biyu Toto ake ce mata, ɗan fari namiji kuma Kuku, kuma ita ba ta taɓa amsa wani suna da daɗin rai ba sai wannan. Da yaƙi ya hau duwatsun aka ƙone ƙauyensu, Idi ya ɗauko ta da Hadiza a goye, suka yi ta faɗi-tashi a hanya har Maraɗi. Ranar da suka sauka a gidanmu na Tsibiri mata sun cika tsakar gida don su ga Balarabiyar da Idi ya kawo, domin a kanmu duk wanda ya fito daga Sudan Balarabe ne. Sai ga mace doguwa, baƙa wuluk, duk gidan ba wanda ya kai ta baƙi, da kafaɗu irin na mai daka. Kuna tsammanin wani ya gyara maganarsa? Ko kusa. Balarabiyar Idi aka ce, Balarabiyar Idi ta zauna. Ta gaya musu ita Nuba ce, ta sake gaya musu, har ta gaji ta bar su.

Idi bai daɗe ba bayan dawowarsa. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi, Baba yana raye. Kun san hukuncin: ɗan da ya riga ubansa mutuwa ba shi da gado, ɗiyarsa ma ba ta da shi muddin akwai ƴaƴa maza a raye. Baba ya san haka, shi ya sa bayan ta fita takaba ya kai Toto Jiratawa da kansa, ya nuna mata gefen gonarmu ta can, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar fako, ya ce ta noma ta ci ita da ɗiyarta. Da baki ya faɗa, ba shaida sai ni da na raka su. Wurin nan ko akuya ba ta tsayawa a kai. Toto ta yi ta ɗauko marmara a ka tana jerawa layi-layi a gicciye, yadda suke yi a gefen duwatsunsu don su tare ƙasa. Mutanen Jiratawa suna wucewa suna dariya, wai Balarabiya gini take a gona. Shekara ta bi shekara, ƙasa ta taru a bayan duwatsun, wurin ya fara ba da dawa da riɗi da gyaɗa. Da damina tana can a bukkarta, da rani ta kwaso gyaɗarta ta zo wurina a Maraɗi, mu soya mu niƙa mu matse mai mu yi ƙuli-ƙuli. A bakin kaskon nan na san ta, kuma a nan ta koyi Hausar da ta fi ta wasunku.

Da Baba ya rasu sai gida ya rabu biyu. Alhaji Sule, da yake kasuwancin mai da hatsi ya karɓe shi, yana so a sayar da gonaki ko a yanka su parsel-parsel. Sani manomi ne, ya ce ba a taɓa ƙasar ubansa. Rigima ta kai ga ba sa gaisawa a masallaci, matansu ba sa zuwa sunan juna, ni a tsakiya ina cin zagi daga kowane gefe. Toto ta bi bayan Sani, kuma ba da baki kawai ba. Ita ke tsaron gonar Jiratawa duka, ita ke korar dabbobin da ake turowa da gangan, ita ke aika wa Sani labarin duk wanda ya zo leƙe. Wata rana Alhaji ya turo mutanensa da igiyar awo da turakun siminti. Ta ce su fita, babbansu ya ture ta. Abin da bai sani ba, wanta Kuku ɗan kokawa ne da ake ji da shi a duwatsunsu, kuma tun suna yara da ita yake gwaji. Waɗanda suka gani sun ce ba su ga lokacin da ta kama ƙugunsa ba, sai dai suka ga ƙato kwance a cikin kunya yana kallon sama. Ta wuni a hannun zandarma saboda haka. Sani ya je ya fito da ita yana ta kirari, wai Toto ta fi masa maza goma, wai muddin yana numfashi ba mai raba ta da gonarta.

A wannan rani ne rediyo ya fara maganar sulhun Sudan. Toto tana da wata ƴar rediyo da ta ɗaure murfin baturinta da roba, tana ajiye ta a kan turmi kusa da mu. In aka zo labarin Sudan sai ta ɗaga mini hannu in daina juya gyaɗa, har ta sha sa ni na ƙona kasko guda. Ana cewa gwamnati da mayaƙan kudu sun zauna a Kenya, manyan ƙasashe sun taru a kansu, za a raba mulki, za a raba arziki. Ni dai murna na taya ta.

"To, alhamdu lillahi, yaƙinku ya ƙare," na ce mata.

"Kin ji sun ce Nuba?"

"Sun ce kudu da arewa. Ke ba cikin ɗaya kike ba?"

"Ga ƙasa arewa muke, ga yaƙi kudu muke," in ji ta. "Wana Kuku tare da mutanen kudu ya ɗauki bindiga, tun ina amarya. Mu anka ƙone ma rumbuna, mu anka kwashe ma ɗiya. Yanzu an shimhiɗa tabarma, mutum biyu sunka zauna. Mu an ce mu ba abokinmu amana, shi yi magana da bakinmu."

"To ai abokinku ne."

"Awo, abokinmu ne. Amma shi ma da tashi buƙata ya je. In anka ce mashi ga taka, bar tasu, mi kike gani za shi yi?"

Na ce mata ta cika baƙin zato, na koma kan kaskona. Gaskiya a lokacin haushinta nake ji. Mutum yana Maraɗi, ga abinci ga lafiya, ya hana kansa sukuni a kan zaman da ake yi a wata duniya. Har na ce mata in ba ta daina ba zan jefa rediyon a cikin mai.

Ba a jima ba Baba Mamman, ƙanin mahaifinmu, ya shiga tsakanin Alhaji da Sani. Tsoho ne mai son zumunci, ya yi ta kai da kawo tsakanin Sabon Gari da Tsibiri a bayan kabu-kabu har ƙugunsa ya ƙage. Wata ranar kasuwa sai ga Sani ya shigo gidana yana washe baki, ya ce an daidaita, saura a taru a shafa Fatiha. Shi zai riƙe gidan Tsibiri da gonakin bayan gari, ba mai sake yi masa maganar sayarwa. Alhaji zai ɗauki Jiratawa gaba ɗaya. Ni kuma, da yake rabona rabin na namiji ne, an ware mini parsel ɗin nan na bakin gudro a shigar Tsibiri. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi fari. Tun ina yarinya nake son wurin nan. A take na gina shago biyu da ɗakunan haya a cikin kaina, har na ga Nasiru a zaune a ɗaya. Sai daga baya na tuna.

"Gonat Toto hwa?"

"Tana cikin Jiratawa mana," in ji Sani, yana kallon ƙofa. "Alhaji ya yi alkawali ba shi korar ta kai tsaye. Za a riƙa shawara da ita."

"Ita ta sani?"

"Haba Yaya Rabi, ki bari a gama tukuna. In anka sa maganatta yanzu, komi rushewa za shi yi. Kin san wahalad da na sha kahin in samu Tsibiri?"

Toto tana bayan ɗaki tana tace mai, duk ta ji. Na zaci za ta fito ta yi masa irin ta mai igiyar awo. Ba ta fito ba. Da ya tafi ta zo ta zauna, ta ɗauki rediyonta ta goge masa mai da gefen zane, ba ta ce mini ko "ba na gaya miki ba". Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ranar sulhu aka taru a zauren Baba a Tsibiri da hantsi. Al'adarmu a irin wannan zama, maza ne a kan tabarma, mace tana bayan ƙofa, in tana da magana wakilinta ya faɗa. Ni magajiya ce, dole a ji "na yarda" daga bakina kafin a shafa Fatiha, don haka aka ba ni kujerar tsugunno a bakin ƙofar ciki. Toto tana bayana a tsakar gida tare da sauran mata. Na riga na yi wa Baba Mamman ƙorafi cewa ba a yi mata adalci ba in ba a ji ta bakinta ba, ya ce in kwantar da hankalina, ya yi tanadi. Ina ta tunanin wane tanadi ne, sai ga mota ta tsaya, wani farin mutum mai jallabiya da rawani ya fito, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Balaraben nan ne mai sayar da turare a babbar kasuwar Maraɗi, mutumin Khartoum. Baba Mamman ya tashi ya tarye shi, ya zaunar da shi a kan darduma, ya juyo yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Ita Balarabiyar Idi baƙuwa ce, ba ta da kowa nan," in ji shi. "Shi ya sa na je har kasuwa na roƙo ɗan'uwanta, ɗan ƙasassu, shi tsaya mata. Kowa ya shaida ba mu danne marainiya ba."

Zaure ya ɗauka da madalla, Allah shi saka. Ni kuwa sai da na dafe kai. Matar nan ta shekara fiye da goma a cikinmu, ta binne mijinta a maƙabartarmu, ta yi faɗa da rabin matan Jiratawa da Hausa tsantsa, ta gaya wa duk mai kunne su wa suka ƙone ƙauyensu. A duk faɗin Maraɗi, tsohon nan ya rasa wanda zai ɗauko ya zama bakinta sai mutumin birnin da ake turo musu jiragen yaƙi daga can. Kuma wallahi da zuciya ɗaya ya yi, har kuɗin mota ya biya daga aljihunsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba ka da ma wanda za ka zaga.

Shi Balaraben ba mugun mutum ba ne, ban taɓa jin an ce ya cuci wani ba. An ce masa wata ƴar ƙasarsu ce take cikin matsala, ya rufe shagonsa ya zo. Ya karkato wajen ƙofa ya yi sallama da Larabci, ya yi tambaya, na gane yana tambayar garinsu ne. Toto ta matso har ta tsaya a kaina. Ba ta amsa masa da Larabci ba, ko da yake ta iya. Da Hausa ta amsa, da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Daga duwatsu nike. Ƙauyenmu na yamma da Kadugli, in ka je yanzu toka za ka iske. Sannu da zuwa, Allah shi ba ka ladan tahiya. Amma ba kai za ka yi magana da bakina ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce wa Baba Mamman a hankali, da ƴar Hausarsa ta kasuwa, cewa wannan magana ta fi ƙarfinsa, a yi masa afuwa. Ya nemi takalmansa ya fita. Baba Mamman ya bi shi da kallo baki buɗe, har yau ban tabbata ya gane abin da ya faru ba. Alhaji Sule ya duba agogo ya yi tsaki. Sai tsohon ya juyo gare ni.

"To Rabi, ke kin san cikinta. Ki hwaɗi abin da taka so, mu ji, mu shahwa Hwatiha."

Ga hanya mai sauƙi an buɗe mini. In ce tana roƙon Alhaji ya bar ta ta ci gaba da noma, Alhaji ya ce ya ji, a shafa, in tashi da parsel ɗina. Amma kunnena cike yake da maganar bakin kasko, ta abokin da ya je zama da tasa buƙata. Ni ma da tawa buƙata na zo, tana nan a bakin gudro tana jirana.

"Baba, tana da baki," na ce. "Ku shimhiɗa mata tabarma ta shigo."

"Mace cikin zaure? Kuma ba magajiya ba?" in ji Alhaji. "Rabi, kin hwara haukan naki ko?"

"Yaya, lokacin da taka kwana tsaron gona ba wanda ya ce mace ce. In ba ta zauna ba, ni ban yarda ba. Ku shahwa Hwatiharku ba ni, mu gani in ta kamu."

Aka yi ta hayaniya. Sani yana roƙona da ido, Alhaji yana cewa yana da kamiyo a kan iyaka yana jiransa, liman yana cewa a yi haƙuri. Na naɗe hannu na zauna. Kun san ni in na kafe. Da rana ta take, yunwa ta fara cin dattawa, Baba Mamman ya ce a kawo tabarma. Aka shimfiɗa ta can gefe kusa da takalma. Toto ta shigo, ta ja ta da ƙafa har tsakiya, ta zauna.

Na san abin da za ta ce, ko in ce na zaci na sani. Za ta tona wa Sani asiri, ta tuna masa kirarin da ya yi mata, ta nemi a mayar da gonar cikin rabonsa. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na san ba ni da gado, ɗiyata ma ba ta da shi," in ji ta. "Ban zo neman abin da Allah bai ba ni ba. Amma gonag ga dole ta hwaɗa hannun ɗayanku, ni kuma cikinta nike. Tunda haka ne, ni za ni zaɓi wanda za ni zauna ƙarƙashinshi. Alhaji sai da ni za shi yi. Sani ya riga ya sai da ni. A sa ta cikin rabon Rabi."

Alhaji ne ya fara ganewa, ɗan kasuwa ne. Rabona bai isa ya ɗauki wuri biyu ba. In na karɓi gonar Toto, parsel ɗin bakin gudro ya koma hannunsa. Na ga murmushi yana tasowa daga cikin gemunsa.

"Ni na yarda," ya ce da sauri. "Wallahi Balarabiya ta yi magana."

Ƴaƴana, ban taɓa jin haushin ɗan Adam ba kamar yadda na ji na Toto a wannan lokaci. Ni na hana dattawa cin abinci don ta samu bakin magana, ta buɗe bakin ta cinye mini shago biyu da ɗakunan haya. Na kalle ta ko zan ga alamar roƙo ko kunya a fuskarta, babu. Tana zaune a miƙe tana jirana, kamar mai jiran canji a kasuwa. Baba Mamman ya ce, Rabi, kin yarda? Ina iya cewa a'a, ba mai zargina, shari'a tana bayana. Amma da wane baki? Ni na ce a tambaye ta. In na ƙi amsar don ba ta yi mini daɗi ba, to da ma Balaraben aka bari ya yi magana. Na ce na yarda. Aka shafa Fatiha, na shafa tawa ina cizon leɓe.

A hanyar komawa Maraɗi ban yi mata magana ba sai da muka wuce parsel ɗin. Nan na fashe.

"Don mi ba ki hwaɗa mini tun gida ba?"

"Da na hwaɗa miki, da kin bar ni bayan ƙohwa."

"To don mi ni? Ni na kashe miki wani?"

"Ke ɗai kinka ce in yi magana, ba ki san mi za ni ce ba," in ji ta. "Mai yin haka, ina iya zama ƙarƙashinshi."

Na ce mata Allah ya isa, ta ce amin, muka ci gaba da tafiya. Mahaifinku ya yi wata guda ba ya cin tuwona. Alhaji ya gina gidan mai a wurin, shi ne wanda kuke shan mai a ciki in za ku Tsibiri, kuma har yau in kabu-kabu ya wuce da ni ta nan juya kaina nake yi. Kun tashi a gidan haya kuna jin ƴan unguwa da maƙwabta suna ba da labarin wautar uwarku. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu, kuma kada wani ya ce muku ban ji zafi ba.

Su kuwa na Sudan sun gama nasu zaman. Muna bakin kasko rediyo ya faɗa: mutanen kudu za su jefa ƙuri'a su zaɓi zama ko rabuwa. Nuba suna nan a arewa, ba ƙuri'ar rabuwa, amma an yi alkawarin za a bi su a ji ra'ayinsu, za a yi shawara da su. Toto ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Kudu ta jefa ƙuri'arta ta tafi. Shawarar ba a kai ƙarshenta ba, sai jirage suka dawo kan duwatsun, mutane suka koma kwana a cikin koguna. Da can saƙon Kuku yakan iso ta bakin direbobi da alhazai, ko da shekara-shekara ne. Daga wannan lokaci ya yanke, ba ta sake jin ko yana raye ba.

Ta ci gaba da nomanta har ƙafa ta ƙi. Duk kaka tana aiko mini da damin dawa, in mayar, ta sake aikowa, har jakin ya san hanya. A gidana ta yi jinyar ƙarshe. Wata safiya na shiga da kunu na tarar ta sa Hadiza ta kunna mata rediyo, amma kunnen ya riga ya yi nauyi, ba ta jin abin da ake faɗa. Ta kamo hannuna.

"Rabi, sun zo tambayar mutanenmu?"

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce ba su zo ba tukuna. Ta gyaɗa kai, ta ce in kashe, kada batur ya ƙare a banza.

To ga abin da nake so ku sani. Gonar Jiratawa tawa ce a shari'a, bayan raina kuma taku ce, ban ce ba haka ba. Amma Hadiza tana cikinta, da ƴaƴanta, da duwatsun da uwarta ta ɗauko a ka. Na aika a kira ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ku ma duka ina son ganinku, har mai sayen in yana so ya zo ya sha ruwa. Tabarma ɗaya za a shimfiɗa a tsakar gidana. Kada wani ya zo mini da wakili, kada wani ya ce ya san cikinta, kuma Nasiru, in ka sake cewa za a riƙa shawara da ita, da muciya zan bi ka. Za ku tambaye ta, ku yi shiru har ta gama. Kada ku zo kuna lallaɓa ni in gaya muku abin da za ta ce, ban tambaye ta ba, ban sani ba. Na uwarta ma ban sani ba, na kuma biya.